Kafin a Sayo Ƙarin Layi, a Duba Hanyar da Bayanai Ke Bi

Duk mai kula da sadarwar kwamfuta a ofis ko makaranta ya san wannan kukan: intanet ya yi nauyi, a ƙara mana layi. A aikina na injiniyan sadarwa ina yawan jin sa, kuma sau da dama idan na buɗe ma'aunin zirga-zirgar bayanai sai in tarar layi ɗaya ya cika maƙil, sauran da ke gefensa kuwa suna zaune kusan fayau. An biya kuɗinsu, amma ba a morarsu.

Tushen matsalar shi ne yadda rautoci, wato na'urorin da ke tura bayanai, ke zaɓen hanya. Tsarin OSPF, wanda cibiyoyi da yawa ke amfani da shi a cikin gida, yana neman hanya mafi gajarta ne da dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959. Rauta ta san taswirar layukan, amma ba ta la'akari da nauyin kayan da ke kan kowannensu a wannan lokacin. Sai kowa ya nufi hanya guda, kamar motocin kaya da suka nace sai ta ƙofa ɗaya za su shiga gari alhali sauran ƙofofin a buɗe suke. Da jerin jira ya cika, sai na'urar ta fara zubar da ƙunshin bayanai, tsarin TCP mai kula da isar da bayanai kuma ya rage gudu da kansa. A nan ake asarar saurin da mutane ke kuka a kai.

Wani zai ce ai akwai ECMP da ke raba kaya a kan hanyoyi masu daraja ɗaya. Haka ne, sai dai rabon nasa lissafi ne kan adireshi da lambar tasha, bai san babban kaya da ƙarami ba. Manyan kwafe-kwafe biyu suna iya faɗawa layi ɗaya su shaƙe shi.

Abin da SDN, wato sarrafa sadarwa da manhaja, ya kawo shi ne raba mai yanke shawara da mai turawa. Manhajar jagora ɗaya tana kallon sadarwar gaba ɗaya, tana karɓar ƙididdiga daga kowace na'ura, sannan ta rubuta musu dokokin turawa, misali ta hanyar OpenFlow da ya fito daga Jami'ar Stanford a 2008. Idan layi ya kusa cika, sai ta karkatar da wani kayan zuwa hanyar da ta fi nisa amma babu cunkoso. A 2013 kamfanin Google ya bayyana cewa tsarinsa na B4, mai haɗa cibiyoyin ajiyar bayanansa, yana cika layuka da yawa kusan ɗari bisa ɗari, alhali a al'ada ana barin manyan layuka a kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari don gudun matsala. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne fifiko: kwafen bayanai tsakanin cibiyoyi yana iya jira, buƙatar mutumin da ke zaune gaban allo kuwa a ba ta hanya nan take.

Amma a yi hattara. Manhajar jagora idan ɗaya ce tak, ranar da ta faɗi an shiga uku, don haka a tanadi ta biyu. Ƙididdigar da ta tsufa tana sa a yi ta sauya hanya babu dalili. Kuma kada a raba kwararar bayanai guda a kan layuka daban-daban ƙunshi-ƙunshi, domin za su iso a hargitse, TCP ya ɗauka ɓata suka yi.

Abokan aiki, ku fara da awo. Ku ga wane layi ke cika, da wane lokaci, kuma kayan wa ke cika shi. Mininet, manhajar kwaikwayon sadarwa, kyauta ce, tana aiki a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ku zana sadarwarku a cikinta, ku gwada da manhajar jagora irin Ryu ko ONOS kafin ku taɓa na'urorin gaske. Shugabannin ma'aikatu kuma, ku nemi a nuna muku wannan awon kafin ku sa hannu kan takardar sayen sabon layi.