Hodar Iblis da Ƙwaƙwalwa: Abin Yi da Abin Bari ga Mutanen Ƙasar Daura

Kada wani ya ce hodar iblis masifar Legas da Abuja ce, ba ruwan Daura. Gaskiya ne wiwi da tiramadol da kodin da sholisho sun fi ta yawa a hannun yaranmu, don ita tana da tsada. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi miliyan 14.3, masu shan hodar kuwa kimanin 92,000. Amma mu mutanen bakin iyaka ne. Daga Daura zuwa Kwangwalam tafiya ce 'yar kaɗan, gaba sai Damagaram da Agadas, kuma ta Hamada masu fataucinta ke bi da ita zuwa Libiya da Turai. A Janairun 2022 jami'an Nijar sun kama fiye da kilo 200 a cikin motar magajin garin Fachi. Kayan da ke ratsa yanki ba ya rasa zubewa a hanya.

Kada ka ɗanɗana, samari, ko da sau ɗaya, ko da kyauta aka ba ka. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dofamin, wanda ke fitowa idan ka ci abinci mai daɗi, ko ka yi ciniki, ko ka ga wanda kake so. Idan ya gama aikinsa, jijiyar da ta sake shi sai ta janye shi. Hodar iblis tana toshe wannan hanya ta komawa, kamar a toshe magudanar gida da damina, ruwa ya yi ta taruwa a tsakar gida. Wannan ambaliya ce mai sha ke ji a matsayin nishaɗi da ƙarfi da jin ya fi kowa. Wanda ya shaƙa ta hanci, minti 15 zuwa 30 ne abin ya wuce; wanda ya zuƙi hayaƙinta, minti 5 zuwa 10. Bayan nan sai kasala da ƙunci da jin haushin kowa, sai kuma ƙwaƙwalwa ta nemi a ƙara. A dare guda mutum zai iya cinye jarin shagonsa a haka.

Kada ka ce "duk ranar da na ga dama zan bari". Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni tsoro, domin sashen ƙwaƙwalwar da zai yanke shawarar barin, shi ne wanda hodar ke raunanawa. Yana nan bayan goshi, shi ke auna abu, shi ke ce wa mutum dakata, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ɗalibin kwaleji ko na foliteknik da ya fara sha yana ɗan 19, ya taɓa ginin da bai bushe ba. Ga kuma wata ɓarnar: idan dofamin ya yi yawa a kai a kai, ƙwaƙwalwa tana rage wuraren karɓarsa. Dokta Nora Volkow da abokan aikinta a Amurka sun ga haka a hotunan ƙwaƙwalwar masu sha tun shekarun 1990, kuma raguwar tana nan watanni bayan an daina. Shi ya sa tuwo ba ya yi wa mai sha daɗi, hira ba ta yi, hawan sallah ya wuce ta ƙofar gidansu bai ko leƙo ba. A lokacin ba don jin daɗi yake sha ba, don ya ji shi kamar sauran mutane ne. Wani bincike na Jami'ar Kambirij a 2012 ya gano cewa ƙwaƙwalwar masu wannan jaraba tana zaizayewa da saurin da ya kusa ninka na sa'o'insu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada ka haɗa ta da komai. Da giya, hanta tana haɗa wani sabon sinadari da ya fi daɗewa a jini, ya fi cutar da zuciya. Tiramadol shi kaɗai yana jawo farfaɗiya, hodar ma haka, balle an gama su. Kuma ba ka san abin da ke cikin ƙullin ba. Ana yawan samun maganin tsutsar cikin dabbobi a gauraye da ita.

Ka garzaya asibiti da duk wanda ya sha sannan ya kama ƙirji, ko ya ce kansa zai tsage, ko bakinsa ya karkace, ko hannu da ƙafa suka mutu ta gefe guda, ko jikinsa ya yi zafi rau. Hodar tana matse jijiyoyin jini, tana ɗaga hawan jini farat ɗaya, kuma tana sa ɗan shekara 25 shanyewar ɓarin jiki irin ta dattijo. A zafin bazararmu haɗarin ya fi yawa. Idan yana fizge-fizge, ka kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka ɗura masa madara ko manja. Ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Kunyar minti ɗaya ba ta kai ran mutum ba.

Direbobi da 'yan acaɓa da fatake masu cin kasuwar Mai'aduwa, kada ku karɓi saƙon da ba ku buɗe ba, ko na wane ne. Haka maniyyata da masu zuwa umara. Dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da hodar, har ɗaurin rai da rai ga mai fatauci, a Saudiyya kuwa kisa ake yi.

Iyaye, ku sa ido. Yaro ya kwana biyu bai runtsa ba sannan ya wuni yana barci, ya rame, hancinsa na yoyo ko haɓo ba mura, kuɗi na ɓacewa a gida. Idan abin ya yi nisa sai ya fara zargin kowa, yana leƙen taga wai ana bin sa, yana jin muryoyi, yana susa wai kiyashi na yawo a ƙarƙashin fatarsa. A nan ne gida ke rikicewa, a ce aljanu ne, a ce sammu ne, a fara zargin kishiya ko maƙwabci. Ku yi addu'a, ba wanda zai hana ku, amma ku yi ta a kan hanyar asibiti. Waɗannan alamu likitoci sun san su, suna da maganin kwantar da su, kuma sukan lafa idan aka daina sha.

Kada ku kai shi gidan mari. Mu mutanen Daura bai kamata a tuna mana wannan ba. A Oktoban 2019 'yan sanda sun shiga wani irin wannan gida a Sabon Garin Daura, suka fito da mutum 67, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna neman shiriya, kuma na san gajiya ce da rashin sanin inda za a dosa ta kai su ga haka. Sai dai sarƙa ƙafa take riƙewa. Ciwon yana cikin kai, kuma azaba da tsoro suna daga cikin abubuwan da suka fi mayar da mai jaraba ga ƙwaya da zarar ya fito.

Ku fara da likita a babban asibiti, ku nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Ita ma NDLEA tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba. Kada ku yarda da mai cewa yana da allura ko jiƙon da ke cire jarabar hodar a mako guda. Har yau babu wani magani da aka tabbatar yana yin haka. Abin da ke aiki shi ne zama da ƙwararre a kai a kai, a koya wa mai ciwon gane abin da ke tayar masa da sha'awa, a kuma riƙa saka masa da wani abu duk lokacin da gwaji ya nuna bai sha ba.

Makonnin farko bayan ya daina sha, ku zauna kusa da shi, domin ƙuncin lokacin yana kai wasu ga tunanin kashe kansu. Idan ya furta haka, ku koma asibiti a ranar. Ku raba shi da majalisar da yake zama da lambobin da ke wayarsa, don ganin wurin kaɗai yana tayar da ƙishin. Ku riƙe masa kuɗi, ku ba shi aikin hannu. Idan ya zame ya sake sha, kada ku kore shi daga gida, kada ku yi masa baki. Ku mayar da shi wurin likitan da ya san shi, ku faɗa masa ranar da ya koma da abin da ya faru kafin nan.