Darasin Farko a Ilmin Halittu: Mu Fara da Albasa

Malam, kada ka buɗe darasin farko da hadda, domin ɗalibi yakan manta abin da bai gani ba tun kafin jarrabawa. Fara da albasa. A ɓare siririyar fatar da ke cikin fallenta, a shimfiɗa bisa gilashi, a ɗiga ruwan aidin, sannan a leƙa ta madubin ƙara girma. Ɗalibai za su ga 'yan ɗakuna jere kamar tubalan gini, kowane da bango da ɗigo mai duhu, wato cibiyarsa. Su ne ƙwayoyin halitta. Irinsu Robert Hooke na Ingila ya gani a ɓawon itace, ya bayyana a 1665. Daga nan kowa ya zana abin da idonsa ya nuna masa. Gani ya kori ji.