DARASIN LAFIYA: Jikin fim daban, jikin riƙon gida daban

 

Darasinmu na yau a kan samarinmu ne, har da wasu magidanta, da suka fara raina jikin da Allah Ya ba su. Yaro zai buɗe waya ya ga jarumin fim, na Kano ko na Indiya, ƙirji a cike, damtse kamar taɓarya, sai ya dubi kansa ya ce shi ramamme ne. Daga nan sai kemis.

*Su kansu jaruman a matse suke*

Wanda ya yi teɓa a yi masa dariya a Facebook, wanda ya rame a ce ciwo yake ɓoyewa. Aamir Khan na Indiya, saboda fim ɗin Dangal na 2016, sai da ya haura kilo 90, sannan ya sauke kusan kilo 25 cikin wata biyar, da masu horarwa da masu tsara masa abinci a kansa. Zac Efron na Amurka kuwa ya faɗa da bakinsa a 2022 cewa jikin da aka gan shi da shi a fim ɗin Baywatch sai da ya sha magungunan tsotse ruwan jiki, kuma abin ya bar shi da rashin barci da ƙuncin rai. To wannan jiki na ranar ɗaukar hoto ne. Ba da shi ake shiga gona da damina ba.

*Sha ka fashe*

Ƙwayoyin da ake kira haka, yawanci dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon maganin kumburi ne mai ƙarfi. In aka daɗe ana shan sa, fuska ta yi suntum, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance. Ruwa ne da kitse, babu tsoka. Bayansa ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gyambon ciki, ga raunin ƙashi. Na biyun maganin ƙaiƙayi ne da atishawa, yana buɗe ciki amma yana sa kasala da barci. Allurar ƙara tsoka da wasu masu ɗaga ƙarfe ke yi ita ma tana taɓa hanta da zuciya, tana rage maniyyi, har mutum ya zo yana neman haihuwa daga baya.

A kula: wanda ya daɗe yana shan dexamethasone kada ya yanke lokaci guda, akwai haɗari. Ya je asibiti likita ya rage masa a hankali.

*Ma'aunin addini*

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya hau bishiya zai yanko asuwaki, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya. Annabi (SAW) ya sanar da su cewa ƙwaurin nan ya fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. A hadisin Miƙdam kuma, wanda Tirmizi ya ruwaito, an koya mana raba ciki uku: abinci, abin sha, numfashi. Ke nan ba a yarda da cusa ba, ba a kuma yarda mutum ya azabtar da jikinsa don a yabe shi ba.

*Me za a ci?*

1. Da safe kunun gyaɗa ko koko da ƙosai. Kada a fita da shayi kaɗai.
2. Wake ya shiga tukunya kusan kullum: ɗanwake, alale, shinkafa da wake. Shi ne naman talaka.
3. Fura da nono da rana ta fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. A tabbata nonon dafaffe ne kafin a kwantar.
4. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, miyar kuka, riɗi, aya da dabino.
5. Ƙwai da kifi in da hali. Mutanen Kazaure ga madatsar ruwa a kusa da ku.
6. Barci isasshe da motsa jiki. Tsoka aiki ke gina ta, abinci ya ciyar da ita.

Wanda kuma yake ci amma yana ta ramewa, ko da tari, ko yawan fitsari da ƙishirwa, maganinsa ba ƙwayar ƙiba ba ce. Ya je a gwada jininsa da majinarsa.

Maigida, ka duba abin da ɗanka yake haɗiya. Uwargida, a daina kiran yaro sillen kara a gaban 'yan uwansa, wata maganar ita ke tura shi kemis.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu yi ibada da ita. A tura wa 'yan uwa. Wassalamu alaikum.