Darasi Na 14: Yaron Da Ya Koyi Aikin Littafi

Jama'a, mu ɗaga littafin nan da ke hannunmu mu dube shi. Kullum muna karanta shi, amma ko mun taɓa tambaya, wa ya jera baƙaƙen nan? Wa ya ninka takardun, ya ɗinke su? Yau za mu ji amsa daga labarin wani yaro, ɗan ƙauye kamarmu.

Yaron nan ɗan manomi ne, yana aji biyar a makarantar sakandare. Da aka ba su dogon hutu, sai malaminsu na Hausa ya rubuta masa takarda zuwa wani ƙaramin kamfanin littattafai a birnin Kano, don ya koyi aiki na mako shida. Ba albashi, sai kuɗin mota da abincin rana. Da fari ubansa ya ƙi, don damina ce, ga noma. Daga baya ya ce, "Tafi, amma ka komo mana da abin da ka gano."

Kamfanin ɗaki biyu ne kurum, ma'aikata huɗu. Akwai maigida, shi ke karɓar rubutu daga marubuta. Akwai mai jera baƙaƙe da kwamfuta. Akwai mai zanen bango. Akwai kuma wani dattijo mai duba kurakurai. Ba su da injin kansu. In sun gama shirya littafi, sai su kai maɗaba'a a buga musu, su biya.

Makon farko yaron bai yi komi ba sai shara da aike da ɗaukar littattafai zuwa kasuwa. Amma ya buɗe ido, ya ga yadda a ke yin littafi. Ga yadda a ke yi. Marubuci ya kan kawo rubutunsa, maigida ya karanta, ya gyara. Mai kwamfuta ya jera shi shafi shafi, ya fitar da takardar gwaji. Dattijo ya duba gwajin. In ya sa hannu, sai a kai maɗaba'a, a ɗauki hoton shafukan a kan wani faifan ƙarfe marar kauri, a ɗaura shi a inji, a buga. Sa'an nan a ninka, a ɗinke, a sa bango, a datse gefe.

A da ba haka a ke yi ba. Da baƙaƙen dalma a ke aiki, mutum ya tsinto su ɗaya ɗaya ya jera, kuma a juye su ke, sai an buga su ke fitowa daidai. Aikin ɗab'in Hausa ya yi ƙarfi ne a Zariya. A can aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta, a can kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.

To, ga ɗan lissafi. Ba shafi ɗaya ɗaya a ke bugawa ba. Babbar takarda guda ta kan ɗauki shafi 8 a gaba, 8 a baya. In an ninka ta sau uku, ta zama shafi 16. Littafi mai shafi 64 ya kan ci babbar takarda 4. In ana son littafi 1,000, takarda 4,000 ke nan. Ƙunshi guda na takarda, wanda a ke kira rim, 500 ne. Watau rim 8 za a saya.

A mako na uku aiki ya yi yawa, sai dattijo ya ba yaron gwajin wani littafin noma ya duba. Yaron ya yi murna. Ya karanta da sauri don a yaba masa, ya ce ba kuskure. Aka kai maɗaba'a, aka buga shafi 16 na farko, takarda 1,000.

Washegari dattijo ya ɗauki guda yana dubawa, sai ya kira shi. Ya ce, "Yaro, karanta mini layin nan."

Yaron ya karanta, "In an zaɓi irin gero, a kai shi ɗaka."

Dattijo ya ce, "Haka marubuci ya rubuta. Amma haka aka buga? Sake dubawa."

Yaron ya sake dubawa, sai gabansa ya faɗi. Ashe ƙugiyar ɗ ta ɓace. Abin da aka buga shi ne, "a kai shi daka." Marubuci yana nufin a ɓoye iri a ɗaki sai shuka. Littafi kuwa ya ce a kai shi turmi. Wanda ya bi wannan, ya cinye irinsa, ruwa ya sauka ba shi da abin shukawa.

Yaron ya je gaban maigida ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Yana tsammani za a kore shi. Maigida ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Rim biyu sun tafi, ga kuɗin faifai da tawada. Amma gara mu yi hasarar takarda da manomi ya yi hasarar iri. Tashi, ɗana. Ba ka karanta abin da ke takarda ba, abin da ke zuciyarka ka karanta."

Daga ran nan dattijo ya koya masa yadda a ke duba gwaji. A sa rula a ƙarƙashin layi, a bi baƙi baƙi. Mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta rubutun marubuci da ƙarfi, ɗaya yana bin gwaji da alƙalami. A lura ƙwarai da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma lambobi. Kafin mako shida su cika, yaron ya kama kurakurai da dama, har maigida ya ce ya komo hutu mai zuwa. Ya koma gida da littafin noman da aka gyara, ya karanta wa ubansa.

Mu ma da mu ke koyon karatu, wannan darasi namu ne. In za mu rubuta wasiƙa, ko mu karanta takardar magani ko ta taki, kada mu yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

AIKI

1. Mu karanta waɗannan da ƙarfi, mu faɗi ma'anarsu: daka, ɗaka, baki, baƙi, kasa, ƙasa, bari, ɓari.
2. Littafi mai shafi 32, babbar takarda nawa zai ci?
3. Don me maigida ya yarda a sake bugawa?
4. Kowa ya rubuta layi biyu a kan gonarsa, ya ba na kusa da shi ya duba masa.