Darasi: Tankin Iska na Babbar Mota Ba Abin Ƙira a Gida Ba Ne

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan motar ƙungiya ne. Mu ɗauka mun kawo hatsi Kano, muna cikin birni wajen Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, sai direba ya ce tankin iska na birki yana yoyo. Sabon tanki yana da tsada. Ga kuwa mai walda kusa, ya ce zai yanka tsohuwar tukunyar gas ko guntun bututu, ya liƙa masa marfi, a biya shi kuɗi kaɗan. Ma'aji zai so wannan shawara. Amma kafin mu yarda, bari mu duba abin da ke cikin tankin nan.

Ƙarfin da ba a gani

Birkin babbar mota da iska ya ke aiki. Wani Ba'amurke, George Westinghouse, shi ya ƙago wannan dabara a 1869 domin jirgin ƙasa, daga baya aka kawo ta ga manyan motoci. Inji ya kan tura iska cikin tanki har agogon iska ya nuna wajen 120. Ma'anar lambar nan ita ce nauyin laba 120 a kan kowane inci ɗaya murabba'i. Tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 ta ke sha.

To, mu yi lissafi. Tanki mai faɗin inci 12, marfinsa ya kai inci 113 murabba'i. In muka riɓa 113 sau 120, za mu sami laba fiye da 13,500, watau wajen tan 6. Kamar a ɗora buhunan masara 60 ne a kan marfin da bai fi faifai ba, waldar nan kaɗai ke riƙe da su dare da rana. Shi ya sa tankin kamfani ya ke da marfi mai doro kamar ƙwarya, gama doron ya kan raba nauyin. Marfi shimfiɗaɗɗe kuwa ya kan lanƙwashe, ya tara wahalar duka a bakin waldar.

Iska kuma tana matsuwa. Abin da ke cikin tankin ya ninka girman tankin wajen sau 9, an danne shi ne kawai. Sa'ad da ƙarfe ya tsage, dukan iskar za ta fita a lokaci ɗaya, ta wurga marfin kamar harsashi. Direba da yaron mota su ne su kan sunkuya kusa da shi.

Akwai hatsari na biyu. In iska ta ƙare a kan hanya, tsohuwar mota za ta rasa birki. Motocin da ke da birkin sifirin kuwa, ƙafafun baya za su kame da kaya a tsakiyar titi.

Abubuwan da ba za mu yi ba

1. Kada a yi tanki da durom na mai, ko tankin ruwa, ko bututun roba. Ba a yi su domin matsin iska ba. Bututun roba ya kan farfashe kamar kwalba.
2. Kada a kai wuta ko injin yanka kan tukunyar gas. Ko an ce ta ƙare, sauran gas yana ciki.
3. Kada a yi wa tanki mai tsatsa faci da walda. Inda ya huje, nan ne tsatsa ta fara fitowa, sauran cikin ma ta riga ta ci.

Abubuwan da za mu yi

Mu sayi tankin da aka ƙera domin wannan aiki. In kuɗi bai isa sabo ba, a kasuwar Ƙofar Ruwa ana sayar da kayan gyaran mota. A tafi da bakanike amintacce, ya kwance bawul, ya haska tocila ya duba cikin.

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta ce tankin iska na masana'anta sai an rubuta iyakar matsin da zai ɗauka a jikinsa, a sa masa agogon iska, da bawul mai sakin iska in ta yi yawa, da wurin zubar da ruwa. Mu ma mu riƙe waɗannan huɗu, ko a mota ko a injin mai faci na ƙauyenmu.

In za a gwada tanki, da ruwa za a gwada, ba da iska ba. A cika shi da ruwa fal, a matsa da famfon hannu har ya kai ninki ɗaya da rabi na aikinsa, watau 180 ga tankin da zai yi aiki a 120. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in tankin ya gaza, tsiyaya kawai zai yi. Wannan aikin gwani ne mai kayan gwaji.

Direba kuma ya buɗe bawul na ƙasa kowace yamma. Iska tana ɗauke da laima, musamman da damina, laimar ta kan zama ruwa ta kwanta a gindin tanki, daga nan tsatsa ke farawa.

Ba mu raina aikin masu walda ba. Su ke gyara mana garma da amalanke da ƙofar sito, hannunsu kuwa da kyau. Amma kyaun walda a ido ba ya nuna ko za ta riƙe tan 6. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin tanki ya fi sauƙin biya a kan ran direba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Yaushe rabonmu da duba tankin motarmu, wa kuma ya duba?
2. Wa za mu ɗora wa nauyin zubar da ruwan tanki kullum?
3. Nawa za mu riƙa ajiyewa daga kuɗin kowace tafiya domin gyaran birki?