Horar da Ma'aikacin Lafiya: Abin da Hannu da Ido Za Su Koya

Gabatarwa

A yawancin ƙauyukanmu, ba likita ne marar lafiya yake fara gani ba. Wanda yake tararwa a ɗakin shan magani shi ne ma'aikacin lafiya na al'umma, wanda jama'a suka saba kira malamin asibiti. Shi ne zai duba jariri mai zazzaɓi, ya wanke gyambon manomi, ya auna jinin tsohuwa, sa'an nan ya sallame su a ranar. Tun da ba kwantar da su ake yi ba, duk abin da ya kuskure a cikin 'yan mintocin nan zai bi su har gida. A wannan darasi za mu duba yadda ake horar da irin wannan ma'aikaci, da abin da ya sa karatun aji kaɗai ba ya isa.

Asalin aikin

A shekara ta 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, suka amince cewa dole a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da kowane gida. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya da ƙarfi a kan wannan manufa. Tun kafin haka, asibitocin mishan irin na Vom da Garkida sun daɗe suna koya wa 'yan ƙasa aikin magani. Yanzu makarantun koyon aikin lafiya ne suke ɗauke da wannan nauyi. Babban ma'aikaci, wanda ake kira CHEW, yana yin shekara 3, ƙaramin kuwa shekara 2, kuma sai ya ci jarrabawar hukuma ya sami lasisi kafin ya fara aiki.

Yadda hannu yake koyo

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ana iya haddace yadda ake yin allura cikin awa ɗaya, amma hannu ba ya haddacewa da sauri haka. Shi ya sa horo na ƙwarai yake bin mataki huɗu. Malami zai yi aikin ɗalibi yana kallo. Ɗalibi zai gwada a jikin mutum-mutumi ko a kan abokin karatunsa. Daga nan zai yi wa marar lafiya na ainihi, malami yana tsaye a gefensa. A ƙarshe malami zai sa hannu a littafin ɗalibin, shaida cewa ya ga aikin da idonsa. Malamin da ya sa hannu a kan aikin da bai gani ba ya cuci marar lafiyan da bai taɓa sani ba.

Ayyuka huɗu da ba a wasa da su

Na farko, awo. Idan yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cikakke, lokacin da yake a natse. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan numfashinsa ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1 iyakar ita ce 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. Wannan ƙirge shi ne yakan bambanta mura da ciwon huhu. Haka nan awon jini: mutum ya zauna ya huta minti 5 tukuna, kuma ba a cewa yana da hawan jini daga awo ɗaya, sai an maimaita a wata rana an ga bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba.

Na biyu, gwaji kafin magani. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a gwada jini kafin a ba da maganin. Ɗigon jini daga yatsa ya isa, amma sai an jira mintocin da aka rubuta a kwalin kafin a karanta sakamako.

Na uku, allura. Kowane mutum da sabon sirinjinsa, kuma da zarar an gama a jefa shi cikin akwatin da aka tanada ba tare da an mayar da murfin ba. Sirinjin da aka maimaita yana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana iya taɓa jijiya ta shanye ƙafar yaro. Ɗalibi zai kuma koyi ƙin yin allura inda ƙwaya ta isa, ko da marar lafiya ya nace.

Na huɗu, bayani. Ga yaro mai gudawa, ƙunshi ɗaya na haɗin gishiri da sukari ana narka shi a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a haɗa masa da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Amma uwa ce za ta yi wannan a gida. Saboda haka kada a tambaye ta, "Kin gane?" Kunya za ta sa ta ce i. A ce mata, "Mama, maimaita mini yadda za ki yi."

Sanin iyaka

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Darasin da ya fi kowanne wuya shi ne sanin inda ikon mutum ya tsaya. Akwai littafin ƙa'idodin aiki, mai suna Standing Orders, wanda ya tsara abin da ma'aikaci zai yi da kansa da abin da zai tura gaba. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amar da duk abin da ya sha, ko yake jijjiga, ko ya galabaita har ba ya farkawa sosai, ba na ɗakin shan magani ba ne. A ba shi taimakon farko, a rubuta takarda, a tura shi babban asibiti nan take. Jarabar a nan babba ce, domin iyaye za su ce ba su da kuɗin mota, ma'aikaci kuma yana tsoron a ce bai iya aiki ba. Amma wanda ya riƙe yaro kwana biyu domin kare sunansa yana iya tura shi bayan lokaci ya ƙure.

Namu hakkin

'Yan'uwa, da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai 'ya'yanmu ne, wasu ɗakunan shan magani kuma na ekklisiyoyinmu ne. Kafin mu biya wa yaro kuɗin makaranta, mu bincika ko hukuma ta amince da ita, da kuma inda ɗalibanta suke gwajin aiki. Kada kwamiti ya bar sabon ma'aikaci shi kaɗai ba mai duba aikinsa. A tanada masa ma'aunin zafi, da na'urar awon jini, da agogo, da sabulu da ruwa. Idan kuma ya ce mu tafi babban asibiti, mu tafi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa mutanenmu suke ganin allura ta fi ƙwaya?
2. Wane ne yake duba aikin ma'aikacin lafiya a garinku?
3. Wane shiri za mu yi domin iyalin da aka tura asibiti cikin dare ba su da kuɗin mota?