Darasi: Kayan Maƙulashe na Kirsimeti da Za Mu Haɗa Tare da Yaranmu

Wannan darasi domin iyaye ne, da Zumuntar Mata, da malaman makarantar Lahadi. Za a iya karanta shi a zama ɗaya, a gwada aikin a zama na biyu.

Manufar darasi

1. Mu san amfanin gyaɗa, aya, riɗi da dabino a jikin yaro.
2. Mu koyi haɗa abubuwa huɗu masu daɗi da ba sa bukatar tanda ko suya da mai.
3. Mu san haɗurran da za mu kiyaye domin kada murnar biki ta koma jinya.

Gabatarwa

Idan Disamba ta kama, hunturu ya sauko, yaranmu sukan fara ƙirga kwanaki. Suna ɗokin sabon ɗinki, da shinkafa da nama, da ɗan abin zaƙi. A gidaje da yawa abin zaƙin nan alewa ce da biskit da lemon kwalba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin sukari da fulawa da man girki suka hau. Iyalai da dama daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu kuma rashin tsaro ya raba su da gonakinsu, wasu suna zaune a Gusau a hannun 'yan'uwa. Uwa da yawa tana kwana da tunanin abin da za ta miƙa wa 'ya'yanta ranar biki.

Bari mu duba abin da ke kusa da mu. Kaka ba ta daɗe da wucewa ba, gyaɗa da aya da riɗi suna kasuwa, wasunmu ma suna da su a rumbu. Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce tun da daɗewa. Tun da layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920 garin ya zama cibiyar sayen gyaɗa da auduga. Kakanninmu da dakuwa da kantu suka yi renon iyayenmu. Abin da za mu yi shi ne mu rage sukari, mu ƙara tsabta, mu kuma sa yara cikin aikin.

Me ya sa za mu rage sukari?

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ta ce in an rage zuwa kashi 5 ya fi kyau, wato kamar cokalin shayi 6 ga babban mutum. Na yaro bai kai haka ba. Amma ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da kusan cokalin shayi 9. Sukari mai yawa yana cinye haƙora, yana kuma toshe cikin yaro ya ƙi cin tuwo, alhali bai ba jikinsa komai na gini ba.

Ga abin da namu kayan ke bayarwa:

Gyaɗa: kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata sinadarin gina jiki ne, kusan rabinta kuma mai ne mai ba da ƙarfi.
Riɗi: yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini.
Aya da dabino: suna da zaƙi na kansu, suna kuma da harza mai sauƙaƙa bayan gida.
'Ya'yan kuka da lemon zaƙi: suna da bitamin C, wanda ke taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin abinci.

Abubuwa uku da za mu duba kafin mu fara

Na farko, turmi. A 2010 yara kimanin 400 suka mutu a jiharmu saboda gubar dalma, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma. An riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci da hannun yara. Dalma ba ta da wari, tafasawa kuma ba ta kashe ta, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka turmi ko taɓarya ko injin niƙa da ya taɓa aikin dutsen zinariya, kada a sa masa abinci ko da an wanke. In aro za mu yi, mu tambaya. In da yashi za mu soya gyaɗa, mu tabbata ba daga wurin haƙa ko wankin zinariya aka ɗebo shi ba.

Na biyu, gyaɗar kanta. Gyaɗar da ta sha laima takan yi funfuna, funfunar kuma tana haifar da guba mai suna aflatoksin. Gubar tana lalata hanta, tana jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutane 125 suka mutu bayan sun ci masarar da ke ɗauke da ita. Suya ba ta kawar da wannan guba. Maganinta tsinta. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi ko kore, ta huje, ko ta yi ɗaci, a zubar da ita. Kada a ba kaji ko awaki.

Na uku, ruwa da hannu. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Abincin da za mu haɗa ba zai sake komawa kan wuta ba, don haka duk ƙazantar da ta shiga, cikin yaro za ta tafi. Ruwan da zai shiga abinci a tafasa shi, a rufe ya huce. Kowa ya yanke farce, ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba daga buta, ba a kwano ɗaya ba. Yaro mai gudawa ko mai ƙurji a hannu ya zauna ya yi kallo ranar.

Abin da za mu haɗa

Wuta sau ɗaya za ta yi aiki, a hannun manya. Kwana ɗaya kafin aikin a wanke aya da riɗi, a rege tsakuwa, a shanya, sannan a soya su da gyaɗa ba mai, kowanne dabam. Ma'auninmu gwangwanin madara ne.

1. Dakuwar aya da gyaɗa
Soyayyar aya gwangwani 2, soyayyar gyaɗa da aka murje gwangwani 1, dabino 12 da aka cire wa ƙwallo, garin citta kaɗan, ɗan gishiri.
A daka aya ta yi laushi, ko a kai inji mai tsabta, a tankaɗe. A mayar da garin turmi, a zuba gyaɗa da dabino da citta da gishiri. A yi ta daka har man gyaɗar ya fito, komai ya kama jikinsa. In ya ƙi haɗuwa a ƙara gyaɗa kaɗan, kada a sa ruwa, domin ruwa ne ke sa dakuwa ta lalace da wuri. Yara su mulmula ƙanana-ƙanana.

2. Dunƙulen riɗi da dabino
Soyayyen riɗi gwangwani 1, dabino 20.
Wannan ɗan'uwan kantu ne, sai dai ba a narka sukari, wanda in ya zuba wa yaro ƙuna ce mai tsanani. A cire ƙwallon dabino, a duba cikinsa ko da tsutsa. In busasshe ne a jiƙa shi kaɗan a tafasasshen ruwa, a tsane. A daka shi ya yi danƙo, a zuba rabin riɗin a sake dakawa. Yara su dunƙula, su birgima kowane dunƙule cikin sauran riɗin a faranti. Riɗin da aka daka ya fi amfanar jiki a kan wanda aka haɗiye da ɗaiɗai.

3. Kindirmo da 'ya'yan itace
Kindirmo kofi 4, garin 'ya'yan kuka babban cokali 2, ayaba 3, gwanda ko kankana.
A tabbata da dafaffiyar madara aka yi kindirmon, gama ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta daga saniya. A dama garin 'ya'yan kukan a ciki. Yara su dame ayaba da cokali su zuba, ita ce za ta tsaya a madadin sukari. Babba ya yanka gwanda a sa a kai. A sha nan take.

4. Kunun aya
Busasshiyar aya gwangwani 3, dabino 15, citta da kanumfari kaɗan, kwakwa in akwai.
A jiƙa aya ta kwana, a wanke, a markaɗa tare da sauran kayan, a tace da kyalle mai tsabta da tafasasshen ruwa. Kunun aya ba ya jure zama. A yi shi da safe, a sa a inuwa, a shanye kafin yamma. In ya fara tsami ko kumfa a zubar.

Dakuwa da dunƙulen riɗi sukan yi 'yan kwanaki a busasshen kwano mai murfi. Kada a naɗe su a tsohuwar jarida ko takardar siminti. Dabino kuma, ko da yake ya fi alewa, yana manne wa haƙori. Dunƙule 2 ko 3 bayan abinci sun isa yaro, da dare kuma a wanke baki da buroshi ko asuwaki.

Aikin kowane yaro

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tsince gyaɗa da hannunsa, aka kuma gaya masa dalili, ba zai manta ba ko ya girma.

Shekara 3 zuwa 5: mulmula dakuwa da dame ayaba, babba yana kusa yana kallon abin da ke zuwa bakinsu.
Shekara 6 zuwa 9: tsintar gyaɗa, murje ɓawo, cire ƙwallon dabino, ƙirga dunƙule da rabawa daidai.
Shekara 10 zuwa sama: awo, daka, tankaɗe da tace kunu.

Wuta da wuƙa na manya ne. Maza da mata duka su yi aikin, kada a bar wa 'yan mata kaɗai. Dunƙulen yaro ba zai fito daidai ba, wani babba, wani a karkace. Mu yaba masa, mu ci.

Kula da ƙanana

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai zai sha, ko ranar biki.
Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.
Ɗan ƙasa da shekara 2 ba ya bukatar ƙarin sukari ko kaɗan.
Ɗan ƙasa da shekara 5 kada a ba shi ƙwayar gyaɗa ko aya ko dabino mai ƙwallo, suna iya shaƙe shi. A marmasa masa dakuwa, ko a dama a kununsa.
Wasu yara jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi. In bayan ci leɓe ko fuska suka kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti ba jira.

Dakuwa ba maganin tamowa ba ce

Da yawanmu mun san abincin nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti. Shi ma da gyaɗa aka yi shi, haɗe da madara da mai da sukari da sinadarai da aka auna. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, lokacin yunwar 2005 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubun-dubatar yara da shi a Nijar, musamman a yankin Maraɗi. Wannan ya nuna mana darajar gyaɗa, amma dakuwarmu ba za ta maye gurbinsa ba. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ma'aunin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5, asibiti za a kai shi, kada a jira biki ya wuce. Abincin ledar nan kuwa magani ne na yaron da aka rubuta wa. Ba a raba shi da sauran yara, ba a sayarwa, ba a kuma saye a kasuwa domin maƙulashe.

Mu haɗa hannu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kowane gida ya kawo gwangwani ɗaya na abin da yake da shi, wanda ba shi da komai kuma ya kawo itace ko ƙarfin daka, za a sami abin da zai ishi yaran makarantar Lahadi duka. Mu fara ware rabon marayu, da yaran da suka yi gudun hijira zuwa cikinmu, da tsofaffin da ba sa iya fita. Maƙwabtanmu Musulmi da ke aiko mana da abincin Sallah, mu ma mu aiki yara da kwano a rufe su kai musu.

Tambayoyin tattaunawa

1. Nawa muka kashe a alewa da lemon kwalba a bikin bara? Gwangwani nawa na gyaɗa kuɗin zai saya?
2. Waɗanne kayan maƙulashe ne iyayenmu suka yi mana da yaranmu ba su sani ba? Wa zai koya mana a cikin dattawan mata?
3. Mun san tarihin turame da injinan niƙa da muke amfani da su?
4. Ina muke ajiye gyaɗa, a kan ƙasa ko a kan katako nesa da laima?
5. Akwai yaro a unguwarmu da ya kamata a kai awo a wannan mako? Wa zai raka uwarsa?

Abin yi kafin zama na gaba

A zaɓi mata biyu da namiji ɗaya su tattara kayan, su duba turmi, su tanadi sabulu da buta. A tsayar da ranar suya da ranar haɗawa, a sanar a majami'a ranar Lahadi. A rubuta sunayen gidajen da za a kai wa rabo. Kowane yaro ya zo da kwanonsa a wanke.